Yadda ake zuwa kwanan tantin alfarma a saharar Merzuga dan kallon taurari

Duk wanda ya taso a ƙauye kafin lantarki da sola su cika gari ya san yadda sama take idan wata ya ɓuya. Yanzu kuwa a Kano ko Kaduna ko Abuja in ka ɗaga kai da daddare da ƙyar zaka ƙirga taurari ashirin, fitilun titi da na shaguna da hayaƙi da ƙura sun cinye sauran, yaranmu da yawa basu taɓa ganin farar hanyar nan ta taurari da ke ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan ba. Shi yasa yanzu mutane daga ko'ina a duniya suke ɗaukar kuɗi masu kauri su tafi sahara su kwana a tanti, tanti kuma ba irin na 'yan gudun hijira ba, tanti mai gado da katifa da bargo da banɗaki a ciki har da ruwan zafi.

Wanda zan yi bayani a kai shi ne na Merzuga, wani ƙaramin gari a kudu maso gabashin Maroko, kusa da iyakar Aljeriya, a bakin tuddan rairayi na Erg Shebbi. In zaka nema a intanet Merzouga ake rubutawa, tuddan kuma Erg Chebbi. Tsawonsu ya kai kilomita 28 daga arewa zuwa kudu, wasu tuddan kuma tsayinsu ya kai mita 150. Na zaɓi nan ne saboda mutanenmu da yawa dama suna zuwa Fas ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wasu kuma kasuwanci ko karatu ke kai su Kasablanka, to daga Fas tafiyar yini ɗaya ce kacal a mota.

Fara da duba kwanan wata, tun kafin ka duba tanti

Wannan shi ne gaba da komai, kuma nan ne mutane suka fi asarar kuɗinsu. Mutum zai zauna ya yi ta kallon hotunan tantuna, ya zaɓi mafi tsada, ya sayi tikiti, ya isa ranar 14 ga watan Musulunci. Ranar nan wata yana fitowa tun magariba ya kwana a sama har asuba, farin wata a kan rairayi yana da kyau ba a musu, amma taurarin da ka zo dominsu basu fitowa sai manya manyan kawai. Babu tantin da tsadarsa za ta gyara maka wannan.

Mu kuwa abin ya zo mana da sauƙi tunda kalandar Hijira na rataye a kusan kowane gida da kowane masallaci. Ka ɗauke ta ka yi lissafi kamar haka. Daga 25 ga wata zuwa 4 ga sabon wata su ne darare mafi duhu, a ƙarshen wata ba ya fitowa sai daf da asuba, a farkonsa kuma jinjiri ne zai faɗi bayan magariba ko bayan isha'i kaɗan. Daga 20 zuwa 24 ma ba laifi, dan bayan 15 ga wata kullum wata yana ƙara jinkirin fitowa da kamar minti 50, zuwa 21 ko 22 sai wajen tsakar dare zai leƙo, ka ga kana da duhu tun daga isha'i har sha biyu. Daga 5 zuwa 7 kuma akasin haka ne, sai ka jira ya faɗi wajen sha ɗaya ko sha biyun dare sannan sama ta buɗe, wannan sai mai iya hana idonsa barci ko mai tashi tsakar dare. Daga 10 zuwa 18 kuwa in dai taurari ne suka kawo ka to ka ɗage tafiyar kawai.

Sai ka kafa ranakun sannan ka nemi tanti da jirgi a kansu. Kada ka yarda wani ɗan kamfanin yawon buɗe ido ya ce maka ai kowane dare ɗaya ne a sahara, ɗaki yake son sayarwa.

Sai kuma lokacin shekara

Daga Yuni zuwa Agusta zafin Merzuga yana wuce digiri 40 da rana, kuma ko ɗan Sakkwato ko Maiduguri ne kai kada ka raina shi dan babu inuwar bishiya babu zaure, wasu sansanonin tantunan ma rufewa suke a tsakiyar wannan lokacin. Disamba da Janairu kuma rana tana da daɗi amma dare sanyi yana sauka har kusa da sifili, sanyin da ya fi hunturunmu na gida nesa ba kusa ba. Maris zuwa Mayu yanayi mai kyau ne sai dai lokacin iska ne, wata rana guguwar rairayi za ta taso ta rufe sama gaba ɗaya.

Ni a ganina ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba shi ne ya fi, zafi ya ragu sanyi bai kankama ba, kuma a Satumba da Oktoba ɓangaren farar hanyar taurarin da ya fi haske da kauri yana nan ta kudu maso yamma da zarar duhu ya shiga, sai dai a Oktoba yana saurin faɗuwa dan haka kada ka tsaya hira bayan cin abinci. A Afrilu da Mayu wannan ɓangaren sai bayan tsakar dare yake hawowa, ya fi kyau kafin asuba. A cikin hunturu ba a ganinsa da daddare, amma a lokacin ne manyan taurari masu haske suke cika sama, zan zo kansu. Mai son ganin taurari masu yankowa su wuce fuu da yawa a dare ɗaya, akwai lokuta biyu sanannu a shekara, daren 12 zuwa 13 ga Agusta da daren 13 zuwa 14 ga Disamba, na Disamba ya fi yawa amma sai ka shirya wa sanyi, kuma shi ma sai ka duba ko ya faɗo a duhun wata a shekarar.

Biza da jirgi da hanya

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, ka fara nema da wuri tun kafin ka biya kuɗin da ba a maidowa. Masu fasfon Nijar ko Gana ko Kamaru ko Cadi kowa da tasa ƙa'idar kuma tana canzawa, a tuntuɓi ofishin jakadancin Maroko kai tsaye. Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Abuja da Yamai zuwa Kasablanka. A cikin filin jirgin Muhammad na Biyar akwai jirgin ƙasa da zai kai ka tashar Casa Voyageurs, daga nan ka hau na Fas, kamar awa huɗu.

Daga Fas zuwa Merzuga kimanin kilomita 470 ne, awa bakwai zuwa takwas a mota ban da tsaye tsaye. Hanyar kanta abin kallo ce, zaka bi ta Ifran inda dusar ƙanƙara ke zuba da hunturu, ka ratsa dajin Azru mai dogayen itatuwa da birai a bakin titi, ka ci abincin rana a Midelt garin tuffa, sannan ka gangara kwarin Ziz inda bishiyoyin dabino suka cika ƙasan kwari kore shar duwatsu jajaye na kewaye da su, sai Rashidiyya, sai Arfud, sai Risani, daga Risani saura kamar kilomita 35. Akwai bas ɗin Supratours da ke zuwa har Merzuga, akwai kuma hayar mota da direba wanda in kun kai ku huɗu ko biyar kuka raba kuɗin shi ya fi daɗi tunda zaku tsaya sallah da cin abinci inda kuke so. Daga Marakesh ya fi nisa, wajen kilomita 560, kuma sai an haye dutsen Atlas ta mashigar Tishka mai kwana kwana, tsayinta ya haura mita 2,200, mai yin amai a mota ya sha magani tun kafin a tashi. Wannan hanyar a raba ta kwana biyu a kwana a Warzazat ko Tingir. Wanda ba ya iya doguwar mota, tsofaffi ko mai ciwon baya, akwai jirgi daga Kasablanka zuwa Rashidiyya, daga can awa biyu ne a mota, sai dai ba kullum yake tashi a lokacin da kake so ba ka duba jadawalin.

Kuɗi kuma ka riƙe dala ko yuro a hannu ka canza zuwa dirhami a Kasablanka ko Fas, kada ka dogara da katin banki kaɗai. In zaka cira a na'ura ka cira a Rashidiyya ko Arfud ko Risani kafin ka shiga rairayi. Ka sayi layin waya tun a filin jirgi, akwai Maroc Telecom da Orange da Inwi. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai, kada ka sako ƙaramin jirgin nan mara matuƙi na ɗaukar hoto a jakarka, Maroko bata yarda a shigo da shi ba tare da izini ba, kwastan zasu karɓe shi a filin jirgi.

Zaɓen sansani

Kowane sansani a intanet cewa yake shi na alfarma ne, hotunan kuma duk iri ɗaya, jan kafet a shimfiɗe kan rairayi, fitilu a jere, gado da fararen zannuwa. Dan haka hoto ba zai raba maka gardama ba, tambaya ce za ta raba. Kusan dukkansu suna amsa saƙon WhatsApp, da Faransanci ko Turanci ko Larabci. Ka rubuta musu kafin ka biya ko sisi.

Tambaya ta farko, ku turo min wurin da sansanin yake a taswira. In sun turo ka buɗe ka duba da hoton tauraron ɗan adam. Yawancin sansanonin a gefen tuddan suke ba a tsakiyarsu ba, abin da kake nema shi ne wanda tuddan rairayin suka shiga tsakaninsa da fitilun garin Merzuga da Hassi Labied da jerin otal otal ɗin da ke bakin titi ta yamma. Ka kuma duba ko sansanoni goma ne a cunkushe wuri ɗaya, dan in maƙwabta suna da yawa kowa da fitilarsa da kiɗansa.

Ta biyu, da me kuke samun wuta, sola ko janareta, kuma ƙarfe nawa ake kashe fitilun waje. Wannan tambayar ita ke nuna maka ko sun san abin da mai kallon taurari yake so. Wanda ya ce maka fitilunmu a kunne suke har safe dan jin daɗin baƙi, to ka gode masa ka nemi wani. Wanda ya ce muna kashewa bayan an tashi daga hira ko muna iya kashewa in ka buƙata, shi ne naka.

Sannan ka tambayi banɗaki, a cikin tantin yake ko na haɗaka ne a waje, musamman in da iyali zaka je, uwargida ba za ta ji daɗin fita cikin duhu da sanyi tana neman bayi ba. Akwai ruwan zafi da asuba ko sai rana ta fito. In hunturu ne akwai na'urar ɗumama ɗaki, in zafi ne akwai ta sanyaya. Kuɗin da suka faɗa ya haɗa da abincin dare da karin kumallo da raƙumi da motar da za ta ɗauko kaya ko kowanne daban ake biya. Tanti nawa ne a sansanin gaba ɗaya, ƙaramin sansani ya fi natsuwa. Suna da madubin hangen nesa da wanda ya iya sarrafa shi ko kuwa a talla kawai aka rubuta. Ka kuma tambaya kai tsaye ko ana shan giya a wurin cin abinci, wasu sansanonin baƙi na zuwa da abinsu, gara ka sani tun kana gida. Duk amsar da suka ba ka ka ajiye ta a waya.

Akwai wasu masu ɗakuna zagayayyu da rufi ko bango na gilashi ko roba mai haske wai ka kalli sama daga kan gado, kuɗinsu ya fi na tanti. Ni dai bana ganin ya kamata mutum ya ƙara kuɗi saboda wannan kaɗai, dan ƙura tana kwanciya a kan rufin, in dare ya yi sanyi numfashinku yana sa shi ya yi gumi, kuma duk yadda aka goge shi bai kai idonka tsirara a waje ba. In kana da hali kuma kana so saboda yara ko dattijon da ba zai iya fita ba to babu laifi.

Kuma dan Allah ka kama dare biyu. Tsarin da kamfanoni suka fi sayarwa shi ne na kwana uku daga Marakesh, a kwaso mutane a isa da yamma a gajiye tilis, a hau raƙumi a ci abinci a yi kiɗa, kafin sha ɗaya kowa ya mutu da barci, da sassafe a sake loda su a mota. Wannan ba kallon taurari ba ne. In dare biyu ne na farko ka huta, in gajimare ko ƙura sun ɓata ɗaya kana da ɗaya.

Kayan da zaka ɗauka

Babban akwati ka bar shi a mota ko a masaukin da sansanin ke karɓar baƙi a gari, ƙaramar jakar goyo ta isa. A ciki ka sa rigar sanyi mai kauri ko da a Oktoba ne, da safa da hular sanyi, rairayi yana sakin zafinsa da sauri da zarar rana ta faɗi kuma wanda ya kwanta shiru yana kallon sama ya fi mai tafiya jin sanyi. Wando mai faɗi saboda raƙumi, mata su sa dogon wando a ƙarƙashin abaya ko hijabi. Rawani zaka samu a can da araha, masu raƙuma zasu naɗa maka, yana tare iska da yashi sosai. Man leɓe da man shafawa, tabarau, maganin da ka saba sha, fawa bank a cike, da adafta dan soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, filogin Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga, 'yan Nijar su kam babu ruwansu da wannan matsalar.

Sai tocila mai jan haske. In baka samu ba ka nemi jar leda ko jan ƙyalle ka ninka ka ɗaure a bakin tocilarka da roba, ya wadatar. In da hali ka sayi madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa ko 7x50. Ka sauke manhajar Stellarium a waya tun kana da intanet mai ƙarfi, tana aiki ba data, ka kunna jan launinta na dare. Ka sauke taswirar yankin ma.

Ranar isa

Ka yi ƙoƙari ka kai wurin haɗuwa da mutanen sansanin awa biyu kafin faɗuwar rana. Zasu tarbe ka da shayi mai na'ana'a, sukarinsa da yawa, mai ciwon suga ya faɗa tun kafin a zuba. Daga nan ko raƙumi ko mota mai tayoyi huɗu masu ja. Tafiyar raƙumin kamar awa ɗaya ce, ana tsayawa a kan tudu a kalli faɗuwar rana. Wanda bai taɓa hawa ba ya kula da tashinsa, ƙafafun baya yake fara ɗagawa sai ka ji an tunkuɗo ka gaba, dan haka ka riƙe ƙarfen sirdi da hannu biyu ka jingina baya, haka ma wajen durƙusawa da wajen gangara daga tudu. Waya a aljihu mai zif, in ta faɗi a yashi nemanta aiki ne. Mai juna biyu da mai ciwon ƙugu da ƙananan yara su bi mota, ba abin kunya ba ne.

Da ka isa tun da sauran haske ka yi abu biyu. Ka duba tantinka, ruwa na zuwa, bargo ya isa, in bai isa ba ka nemi ƙari yanzu. Sannan ka fita ka zaɓi wurin da zaka kwanta kallo da daddare, bayan tudu ɗaya kacal daga sansanin yadda tudun zai tare maka fitilu, ka taka ka je ka dawo dan ƙafarka ta san hanyar. Ka gaya wa ma'aikata cewa zaka fita can bayan abinci.

Batun sallah babu wahala, mutanen wurin Musulmi ne Malikawa kamar mu, zasu nuna maka alƙibla, kuma daga Merzuga kusan gabas sak take. Ka riƙe ruwan alwala a gora ka yi tattalinsa, duk ruwan da ke sansanin a mota aka kawo shi.

Abincin dare yawanci miyar harira ce da burodi da tajin, wato dahuwar tukunyar ƙasa mai murfi, na kaza ko nama da kayan lambu, sai 'ya'yan itace. Bayansa ma'aikata zasu hura wuta su ɗauko ganguna. Ka ɗan zauna ka girmama su, amma ka sani duk minti ɗaya da ka yi kana kallon wuta idonka na komawa baya.

Kallon kansa

Ka ɗauki bargo biyu, ɗaya na shimfiɗa ɗaya na rufa, da filo, ka sa takalmi rufaffe dan akwai kunama ko da ba kasafai ake haɗuwa da ita ba, ka haura wurin da ka zaɓa. Kada ka wuce shi. Da daddare duk tuddan kamarsu ɗaya kuma iska tana share sawu, ka sa alamar sansanin a taswirar wayarka, in ku biyu ne ya fi.

Ka kwanta rigingine ka kife waya. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma leƙa farin allon waya sau ɗaya ya isa ya rusa wannan, sai ka sake jira daga farko. Minti biyar ɗin farko zaka ce ai ba wani abu ba ne, ka daure. Kaɗan kaɗan ƙananan zasu yi ta fitowa a tsakanin manyan har wurin da ka ɗauka baƙi ne ya cika, abin da ka zata siririn gajimare ne ka lura ba ya motsi, to ita ce hanyar taurarin, har da wani baƙin tsagi a tsakiyarta wanda ƙura ce ta sararin samaniya ta tare hasken na bayanta. Anan mutum yake samun bakinsa yana tasbihi ba tare da ya shirya ba.

Ka fara da neman tauraron arewa wanda ba ya gusawa. Ka miƙe hannunka ka dunƙule, ka ɗora dunƙulen a kan layin da ƙasa ta haɗu da sama ta arewa, ka hau dunƙule uku, yana nan wajen, ba shi da wani haske mai yawa. A Kano dunƙule ɗaya ne da ɗan ɗori, shi yasa a gida gini da ƙura ke ɓoye shi, anan kuwa ya ɗaga saboda ka matso arewa. In ka sa shi a kafaɗarka ta hagu to gabas kake kallo, ka ga ka samu alƙiblar asuba ba sai ka tashi kowa ba.

In kaka ce, Satumba ko Oktoba, ka duba kudu maso yamma da wuri zaka ga taurarin Kunama da wani ja a ƙirjinta suna shirin faɗuwa. Ta arewa maso gabas kuma ka sa manhaja ta nuna maka Andromeda, ɗan farin tabo ne dishi dishi, kada ka kalle shi kai tsaye ka kalli gefensa kaɗan sai ya fi fitowa, hasken nan da ke shiga idonka ya yi shekara kusan miliyan biyu da rabi yana tafiya. Can dare ya ɗan yi sai tarin ƙananan taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta su hawo ta gabas, da ido zaka ƙirga shida ko bakwai, ka ɗora madubin hannu a kansu ka ga yadda zasu zama gommai. In hunturu ne ka nemi taurari uku a jere reras, ka bi layinsu ta gefe ɗaya zai kai ka ga Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da daddare kuma shi ne aka ambata a Suratun Najmi, ka bi ta ɗaya gefen zai bi da kai ta wani ja ya kai ka wajen Kaza.

Wanda ka ga yana da haske sosai amma ba ya ƙyaftawa to duniya ce irin tamu. Zara da ke bin magariba da Gamzaki na asuba duk abu ɗaya ne, wani lokaci ta yamma wani lokaci ta gabas. Mushtari kuma, a manhaja Jupiter zaka ga an rubuta, in ka kafa gwiwar hannunka a kan gwiwa ko jaka dan madubin ya daina rawa zaka ga 'yan ɗigo har huɗu a jere kusa da shi, watanninsa ne. Zoben da ke kewaye da Zuhal, wato Saturn a manhaja, sai da babban madubi, in sansanin na da shi ka roƙa a saita maka, yara basa manta wannan. Ɗigon da ke tafiya a hankali ba ƙyaftawa ba ƙara tauraron ɗan adam ne, an fi ganinsu bayan magariba da kafin asuba.

Hoto ka bar shi sai ƙarshe bayan idonka ya ƙoshi. Waya ta zamani tana iyawa in ka sa ta a tsarin dare ka kafa ta a kan ƙafa ko ka jingina ta da takalmi, ka sa ƙidayar daƙiƙa uku dan kada hannunka ya girgiza ta. Mai kyamara ya buɗe lens iya buɗewa, ISO 1600 zuwa 3200, daƙiƙa 15 zuwa 20, ya saita fokas da hannu a kan tauraro mai haske. Kada ka canza lens a waje, yashin nan laushi gare shi yana shiga ko'ina. Kuma kada ka kunna filasha ko farar tocila in akwai wasu a kusa, ka ɓata musu rabin awa kenan.

Ka sa agogo ya tashe ka awa ɗaya kafin asuba. A lokacin an kashe komai, masu kiɗa sun yi barci, iska ta kwanta, kuma taurarin da ke sama ba su ne ka bari da daddare ba.

Yinin da ke tsakani da komawa

Bayan fitowar rana da karin kumallo zafi yana tashi da sauri, ka nemi mota ta fitar da kai. Ƙauyen Khamliya yana kudu da Merzuga kamar kilomita 7, mutanensa baƙaƙe ne jikokin waɗanda aka kawo daga kudancin sahara tun zamanin bauta, su ne masu kiɗan Gnawa da ƙarafunan kaɗawa a hannu. Risani tana cin kasuwa ranakun Talata da Alhamis da Lahadi, akwai dabino iri iri da kasuwar dabbobi da filin ajiye jakuna, ka nemi madfuna, burodi ne mai faɗi da aka cusa wa nama da albasa da kayan ƙamshi aka gasa. A gefen garin ne kangon Sijilmasa yake, tsohon birnin da ayarin fatake ke tashi daga cikinsa su ƙetare sahara zuwa ƙasashen baƙar fata, daga nan Ibn Battuta ya tashi a 1352 ya nufi Mali. Ƙabarin Maulaya Ali Sharif kakan gidan sarautar Maroko na yanzu ma yana nan Risani. Ka dawo da wuri ka yi ƙailula mai kyau saboda dare na biyu.

Ranar tafiya ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa, ka tattara sharar ka har da murfin gora kada ka bar komai a yashi, ka ba mai jan raƙumi da masu dafa abinci ɗan ihsani da dirhami a hannunsu. In akwai ragowar kuɗin da baka biya ba ka buɗe saƙonnin da ka ajiye ku yi lissafi a kansu. Kuma kada ka sa jirginka na komawa gida a ranar da zaka bar Merzuga, hanyar Ifran da ta Tishka dukkansu dusar ƙanƙara na iya rufe su da hunturu, ka ba kanka kwana ɗaya a Fas ko Kasablanka kafin ranar tashi.